Bugun Zuciyar Rauda da Kaskon Hajiya

Tudun Wada, Daura,
Jihar Katsina.
25 ga Agusta, 2024.

Zuwa ga ƙanwata Zubaida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Sha'aban da ƙananan yara, Ya kuma ƙara muku haƙurin zaman Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa. Mu nan kowa lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau bana. Geron gonarmu ta Sandamu ya fitar da kai, har maigidana Baban Yasmin yana cewa rabonsa da ganin irinsa tun shekarar da aka yi bikinki. Mahaifiyarmu Hajiya tana nan da ƙarfinta, gwiwar ce dai takan taɓa ta idan hadari ya haɗu, amma ba ta hana ta faɗa ba. Jar akuyar nan taki ta haifi biyu, duka mata, kuma Hajiya ta riga ta ce ɗaya ladan kiwonta ce, sai kin zo ku sasanta.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali kusan kullum muna waya. Dalili shi ne a waya ba ma jin juna. Da na fara bayani sai ki fara kuka, ni kuma in shiga rantse-rantse, kafin mu kai ko'ina layi ya katse. Ranar Talata kin ce in haɗa wa Rauda kayanta, babanta zai zo ya tafi da ita kafin a koma makaranta. Ban ce miki e ba, ban ce a'a ba. Da na ji Hafizu ɗan Kawu zai tashi daga kasuwar Mai'adua da shanu zuwa wajenku, sai na ce bari in zauna in rubuta komai daki-daki, ki karanta a zaune da natsuwa, ki miƙa wa maigidan shi ma ya karanta, sannan ku yanke abin da kuka ga ya fi. Ke kika haife ta, amma shekara biyu ke nan tana kwana tana tashi a gabana, ina ganin ina da hakkin a saurare ni.

Kin dai tuna yadda kika kawo mana ita, 'yar shekara goma sha uku, ƙirji yana kuka kamar an danne mage, saboda baƙin hayaƙin garinku da ke ta da mata asma. Shekarar farko a nan ta yi kyau ƙwarai, ta yi ƙiba, ta yi tsawo, har ta wuce ni. To a watan Yuni kika aiko da ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, kika ce kullum bayan Magariba in auna ta in ɗauki hoton lambar in turo miki. Ni ma na yi murna da ita, don ina ganin mun samu likita a cikin gida. Ranar farko bugun zuciyarta ya nuna ɗari da sha biyu. Washegari ɗari da sha takwas. Akwai ranar da ya kai ɗari da ashirin da huɗu, ga hannunta yana ɗan rawa. Ke kuma kika ce kin duba a waya, an ce na mai lafiya ba ya wuce ɗari, don haka ciwon ya taɓa mata zuciya. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma na tsorata, ina dai daurewa ne don kada in ƙara miki.

Daga nan muka mayar da yarinya majinyaciya da ƙarfi da yaji. Aka hana ta Islamiyya, aka hana ta wanke-wanke, ko tsintsiya ta ɗauka sai a ƙwace. Sati uku tana kwance a ɗaki tana kallon rufi, kuma lambar ba ta sauka ba. Masu zuwa dubiya kowa da tasa. Wata ta ce a nemo saiwar kaza, wata ta ce iska ce, a yi mata hayaƙi. Baban Yasmin ne ya tsawatar, ya ce addu'a kullum muna yi kuma ba za mu daina ba, amma ba wanda zai banka wa mai asma hayaƙi a gidansa, gobe in shirya mu tafi asibiti.

Likitar da muka samu sunanta Dakta Rahmatu, 'yar garin Babban Mutum ce, yarinya ce ƙwarai, ba za ta girmi autarmu ba, har da farko na ɗan raina ta a raina. Na zazzage mata hotunan da ke wayata, na miƙa mata na'urar. Ta duba, ta ajiye ta gefe, ba ta ko kunna ba. Sai ta sa Rauda ta zauna ta jingina, ta shiga jan ta da hira kan makaranta da ƙawaye, har kusan minti goma, ni ina ta ƙuna a raina ina cewa mun zo da ciwon zuciya ana mana hira. Can sai ta kama hannunta, ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ƙasan babban yatsa, tana kallon agogo. Da ta gama ta ce tamanin da biyu. Na ce ta sake. Ta yi murmushi ta sake, ta ce tamanin. Ta maƙala na'urar taki, ita ma ta nuna tamanin da ɗaya.

Sai ta tambaye ni wane lokaci muke aunawa a gida, na ce bayan Magariba. Ta juya ta tambayi Rauda me takan yi kafin a auna ta. Yarinya ta sunkuyar da kai. Likita ta roƙe ni in ɗan ba su wuri. Na fita na zauna a benci ina ta saƙe-saƙe. Da aka kira ni na tarar da idon Rauda ya yi ja, likita ta ce ta ba ta izini ta faɗa mini, da sharaɗin ba zan yi mata faɗa ba. Ni ma wannan sharaɗin nake gindaya miki kafin ki karanta gaba.

Kin san magungunan shaƙarta biyu ne, shuɗi na lokacin da ƙirji ya toshe, da mai ruwan ƙasa na safe da yamma. Ashe tun bayan Ƙaramar Sallah ta daina shaƙar mai ruwan ƙasar, wai ita ba ta jin yana yi mata komai, shuɗin ne mai aiki nan take. Ni kuma da na tambaya sai ta ce ta shaƙa, ban taɓa tsayawa na gani da idona ba, wannan laifina ne. Shi kuwa shuɗin, kusan kullum da yamma sai ta shiga banɗaki ta shaƙa sau biyu, wani lokaci har sau huɗu, don kada in ji ƙirjinta yana kuka lokacin da zan auna ta. Tana fitowa, ni kuma in maƙala mata na'ura in ɗauki hoto in turo miki. Haka muka yi ta tsorata kanmu wata biyu.

Dakta Rahmatu ta yi mana bayani yadda ko ƙaramar 'yata Yasmin za ta gane. Ta ce matashi mai shekarun Rauda, idan yana zaune a huce, zuciyarsa takan buga tsakanin sittin zuwa ɗari a minti ɗaya, kuma mai asma da ciwonsa ke kwance shi ma a nan nasa yake, ba shi da wani ma'auni na dabam. Ta ce shi shuɗin magani aikinsa buɗe hanyar iska, amma yakan sa zuciya ta yi sauri, hannu ya ɗan yi rawa na wani lokaci, sannan ya lafa. Toshewar ƙirjin ita kanta tana sa zuciya gudu, haka tsoro, haka zazzaɓi, haka ƙarancin jini, haka saurin tafiya. Ta ce duk lambar da aka ɗauka bayan an shaƙi shuɗi, ko yarinya tana cikin fargaba, ba ita ake kira bugun hutu ba. Har ta ƙara da cewa yatsa mai sanyi ko mai baƙin lalle kan rikita na'urar wani lokaci. Duk da haka ba ta sallame mu da baki kawai ba. Ta sa aka ɗibi jini, aka kuma yi mata gwajin zuciya na wayoyin nan da ake liƙawa a ƙirji, takarda ta fito da zane. Jini ya isa, babu zazzaɓin cizon sauro, zuciya kuma lafiyarta ƙalau. Ta ce abin da ya dame ta ba zuciyar ba ce, a'a, yarinyar da ke neman shuɗi kullum asmarta ba ta kwanta ba, kuma dole akwai abin da ke tsokano ta da yamma.

A nan ne maganar ta zo inda ta fi mini nauyi. Kin san bayan La'asar Hajiya take kunna kasko tana gwada turaren wutan da take haɗa wa amare. Tunda idonta ya yi rauni, Rauda ce ke zama kusa da ita, tana karanta mata saƙon masu saye a waya, tana ɗura mata a kwalabe, suna ta tsokanar juna irin ta kaka da jika. Ɗaki a rufe, labule a sake, hayaƙi ya turnuƙe. Ko a sati ukun da muka kwantar da ita, da na shiga kicin sai ta sulale ta tafi can. Ta gaya wa likita ta daɗe da sanin turaren ne ke shaƙe ta, amma ta yi shiru don abu biyu. Tana tsoron a ce Hajiya ce ta jawo mata ciwo ran tsohuwa ya ɓaci, tana kuma tsoron a mayar da ita Fatakwal. Ni da nake shiga ɗakin nan sau goma a rana, ƙamshin ya zame mini jiki har ban taɓa kawo shi a raina ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kwana biyu ina juya yadda zan tunkari Hajiya. Sana'ar da ta fi shekara arba'in tana yi, da ita ta yi mana kayan ɗaki, da ita ta je Makka. Da na faɗa mata, yadda kika san ta haka ta yi. Ta ce mu shida ta raina a cikin hayaƙin nan ba wanda ya mutu, likitocin zamani ba su da aiki sai raba mutum da abincinsa, kuma idan ɗakinta ne ya zama guba to kowa ya tsaya a nasa. Ta juya mini baya. Ranar ko tuwon da na kai mata ba ta taɓa ba. Washegari ma ba ta kula kowa ba, Rauda ta je gaishe ta ta amsa a daƙile, yarinya ta dawo tana hawaye tana cewa ga abin da take gudu nan.

A rana ta uku da hantsi ina tankaɗe sai na ji ana jan kaya. Na leƙa, na ga Hajiya da kanta, da gwiwar nan tata, ta fito da kasko ta dire a tsakar gida, ta koma ta kwance labule. Ta ce in tsaya ina kallonta ne ko in zo in kama katifa. Ranar duk abin da ke ɗakin nan sai da ya ga rana, zannuwa da darduma aka wanke, aka buɗe tagar bayan da ta fi shekara a rufe. Ta aika aka kira Rabi, 'yar ƙanwarta da ta koya wa sana'ar, ta ce daga yau haɗi da gwaji a gidan Rabi za a riƙa yi, ita za ta riƙa zuwa Litinin da Alhamis ta duba. Kuma in ta dawo, a zaure take cire mayafi, ta wuce ta yi wanka ta sauya kaya kafin ta yarda Rauda ta matso. Ba wanda ya sa ta wannan, ita ta ɗora wa kanta. Da yamma ta kira Rauda ta zaunar da ita, ta wanke ta tas. Ta ce ba turaren ne ya ɓata mata rai ba, ɓoyewar ce, don da wani abu ya same ta a banɗakin nan da wane ido za ta kalli uwarta. Ta ce turare ko nata ya ƙare ana samu a kasuwa, amma ba ta taɓa jin rumfar da ake sayar da jika ba. Suka yi kukansu, suka share, kafin Magariba har sun koma faɗan wa ya fi wani iya ɗaurin ɗankwali.

Likita ta ba mu aikin sati biyu. Mai ruwan ƙasa safe da yamma ba fashi, a gabana, ta cikin wani bututun roba da ta ce yana sa maganin ya isa huhu sosai, sannan ta kurkure baki. Awo kuma da safe, bayan ta idar da sallah ta zauna ta huta minti biyar, kafin shayi, kafin kowane magani. Ta koya mana ƙirgawa da yatsu, a ƙirga na rabin minti a ninka biyu, ta ce ko batir ya mutu hannu ba ya mutuwa. Rauda ce ke rubutawa da kanta, ga kwafin shafin nan na sa miki a cikin ambulan. Za ki ga mafi ƙanƙanta saba'in da huɗu, yawanci saba'in da takwas zuwa tamanin da biyu. Akwai rana ɗaya da ya kai casa'in da shida, ranar mura ce ta kama ta bayan ruwa ya ba ta kashi a hanyar gidan Kawu, kuma ko shi bai fita daga ma'auni ba. Shuɗin kuwa sau biyu kacal ta nema a kwana goma sha huɗu, ɗaya ranar murar, ɗaya ranar da ɗanyen icce ya cika gidan da hayaƙi. Tun daga ranar muka mayar da murhu can bayan rumbu, ita kuma ba ta zuwa wajen sai wuta ta kama sosai. Da muka koma ranar Alhamis likita ta saurari ƙirjinta ta ce ya washe, ta ce mu ci gaba a haka, mu dawo bayan wata ɗaya.

Kada ki ɗauka mun saki jiki. Dakta Rahmatu ta ja mana kunne cewa asma ba a raina ta, kuma kada mu tsaya kallon lamba idan jiki ya nuna. Idan Rauda ta kasa ƙarasa magana sai ta tsaya ta ja numfashi, ko haƙarƙarinta yana shiga ciki, ko leɓenta ya sauya launi, ko ta shaƙi shuɗi bai yi aiki ba, to a taho asibiti nan take. Haka idan tana zaune lafiya, ba magani ba zazzaɓi, bugun ya riƙa wuce ɗari kwana da kwanaki, ko ta ji jiri ko ciwon ƙirji, shi ma a kawo ta. Na rubuta waɗannan da manyan baƙaƙe na liƙa a bayan ƙofa. Baban Yasmin ya yi magana da maƙwabcinmu mai Keke Napep, ya ce ko yaushe ne a buga masa. Idan an koma makaranta da kaina zan je in ga shugabar, shuɗi ɗaya kuma zai zauna a jakarta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To ga roƙona, ƙanwata. Ki bar ta ta zauna. Ta koma Islamiyya tun makon jiya, saura mata izu huɗu ta sauke, malaminsu ya ce in Allah Ya yarda tana cikin waɗanda za a yi wa walima a ƙarshen shekara. Jiya da safe ina shara ina jin ta tana tilawa, ta ja doguwar aya har ƙarshe ba ta yanke ba, na tsaya da tsintsiya a hannu ina hamdala. Na tambaye ta me zan rubuta miki daga bakinta. Ta ce in ce ki yafe mata tsoratar da ke da ta yi, ba za ta sake ɓoye komai ba, kuma tana kewarki ƙwarai, amma tana so ki zo ki same ta a nan ranar saukarta, ba ta koma can ta kwanta a ɗaki ba. Na san zafin da uwa ke ji idan ɗanta yana nesa kuma aka ce ba shi da lafiya, ba kuma zan ce na fi ki son ta ba. Idan kun karanta kun ga lallai sai ta dawo, ba sai Malam Sha'aban ya wahala ba, ni zan kawo ta har ƙofar gidanki da magungunanta da takardun asibiti. Amma hayaƙin da ya koro ta daga can yana nan bai tafi ba, namu kuwa mun san inda yake, mun fitar da shi. Hoton bayan Magariba dai na daina turowa. In kina so, ranar Juma'a da safe zan riƙa sa ta karanta miki na satin da bakinta, ki ji lambar, ki kuma ji muryar da ta faɗe ta.

Hafizu zai ba ki ƙullin kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, da kilishi na maigidan. Akwai kuma wata kwalba da aka naɗe da tsumma, wannan daga Hajiya ce, ragowar turaren ƙarshe da ta haɗa a ɗakinta. Na gaya mata ba ku riga kun yanke shawara ba tukuna, ta ce ita ba ta tambaye ni ba. Ta ce in rubuta miki ki ƙona shi ki more, amma ki tabbata ya ƙare kin wanke labulenki kafin ƙawarta Rauda ta zo muku hutun makaranta.

Ki gaishe mini da Malam Sha'aban da kyau, ki ce Baban Yasmin yana miƙa gaisuwa. Ki shafa mini kan Maimuna da ɗan autanki Dabo, ki ce ni Innarsu ina nan zan ajiye musu gyaɗar bana. Hajiya tana sa muku albarka, Rabi da Yasmin da mutanen gidan Kawu duk suna gaishe ku. Allah Ya ƙara wa Rauda lafiya, Ya raya mana su baki ɗaya, Ya sada mu da alheri.

Wassalam. Taki har kullum,
Yayarki Murjanatu.